Maganin Ƙarin Jini

Tun yana saurayi Mai Aski yake shagon nan na bakin tasha. Kujera ɗaya ce mai juyawa, sai madubi mai tsage a kusurwa da bencin da masu jiran layi ke zama suna musun ƙwallo. Furfura ta riga ta cinye masa kai lokacin da hannunsa na dama ya fara rawa. Likita ya ce cutar Fakinsan ce, ba ta warkewa, amma akwai ƙwaya, lebodofa, da ke lafar da ita. Ta kuwa lafa. Ya koma bakin aiki, abokan cinikinsa na tsokanarsa: "Baba, da kunne biyu na shigo, da biyu nake son fita."

Wata rana 'yarsa Auta, wadda ke aiki a wani gari, ta zo hutu. Ta dube shi ta ce, "Mama, kin ga yadda Baba ya ɗashe kuwa? Jini ne babu." Kashegari ta shigo da ƙatuwar kwalbar maganin ƙarin jini, mai sinadarin ƙarfe da bitamin iri-iri. Don kada a manta, uwar ta riƙa haɗa masa da ƙwayar asibiti a tafin hannu ɗaya, ya kora da ruwa kofi guda.

A hankali rawar ta dawo. Ƙafafunsa suka yi nauyi, har ya kan tsaya a ƙofar shago kamar an kafe shi, yana son shiga ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Matarsa ta ga ƙarfinsa na raguwa, sai ta ƙara dagewa da maganin Auta, har da rana. Da suka koma asibiti likita ya tambaya ko yana shan wani magani.

"Babu, likita," in ji matar. A wurinta abin kwalbar ba magani ba ne, gyaran jiki ne.

Aka ƙara masa ƙarfin ƙwaya, bai ga wani sauyi ba. Ranar da reza ta kufce masa ta tsaga bayan kunnen wani direba, mutumin bai yi faɗa ba. Ya danne wurin da tawul ya ce, "Ba komai, Baba." Amma daga ranar bencin ya zama wayam. Mai Aski ya miƙa wa wanda ya ba shi hayar wurin mukulli, wani mai sayar da kayan waya ya karɓi shagon.

Ba a daɗe ba ya faɗi a banɗaki, ƙashin ƙugunsa ya karye.

A ɗakin marasa lafiya ne wata likita ta ce a kwaso mata duk abin da yake haɗiya a gida, komai ƙanƙantarsa. Auta, wadda ta zo jinya, ita ce ta zazzage jakar magungunan a kan gado. Likitar ta ɗauki kwalbar ta karanta rubutun da ke bayanta.

"Tare yake shan wannan da ƙwayarsa?"

"Tare," in ji uwar.

"Ƙarfen da ke ciki yana kama ƙwayar tun a hanji, ya hana yawancinta shiga jini. In ma dole ne ya sha, sai a raba su da kamar awa biyu."

Auta ta dafa ƙarfen gadon. "To da ba a ba shi ba, da bai faɗi ba?"

"Ba zan iya rantsewa ba. Cutar ma tana tafiya da kanta."

Aka daina ba shi na kwalbar. Rawar hannun ta ragu sosai, har yana saka maɓallin rigarsa da kansa. Ƙugun ne ya ƙi haɗuwa yadda ake so. Aka mayar da shi gida a keken marasa lafiya, aka sauke masa katifa a falo saboda ƙofar ɗaki ta yi wa keken kaɗan.

Auta ta koma wurin aikinta. Tana aiko da audugar shimfiɗa da man shafawa saboda gyambon kwanciya da ya fara cin bayansa, amma ta daina zuwa. Kullum akwai aiki a ofis.

"Kira min yarinyar nan," ya ce wa matarsa wata safiya. Muryarsa ta yi ƙasa, sai ta sunkuyo take ji. "Ki ce mata ni ban riƙe ta da komai ba."

Ta kira, wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira, haka.

"Wataƙila tana mota," ta ce.

Ta ajiye wayar, ta durƙusa ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa don ta juya shi ɗaya gefen, ta ji bayanta ya riƙe. Ta tsaya a haka tana jiran bayan ya sake ta.