Ranar da Rediyo Ya Yi Shiru

Tsohon nan da 'yan unguwa ke kira Rediyo bai taɓa barin magana ta kwana a cikinsa ba. Matarsa ta ce har cikin barci labari yake bayarwa. Mai sauraronsa ɗaya ne ba ya ƙosawa: Akawal, baƙin dokinsa, wanda ko yana kwance, da ya ji muryar maigidansa sai ya zabura ya miƙe.

Da ƙari ya fito wa Akawal a wuya, likitar dabbobi ta ce sai an yi masa aiki, kuma sai an sa shi barci gaba ɗaya.

"Baba, ba wuƙar nake tsoro ba," in ji ta. "Farkawar ce. Doki yakan yunƙura tun jiri bai sake shi ba. In ya faɗi ya karya ƙafa, da wuya a cece shi."

"To me zan yi, 'yata?"

"Shiru. Kada ya ji muryarka sai na ce."

Matarsa ta ƙyalƙyale da dariya. "Likita, gara shi ma ki yi masa allurar. Shekara arba'in ina neman wannan shirun."

Bayan aiki aka kwantar da Akawal a wani ɗaki mai katifu a ƙasa da bango. Rediyo ya liƙa ido a 'yar tagar ƙofa. Kunnen doki ya motsa, ƙafar gaba ta shuri iska. "Sannu, ɗan'uwana" ta taso wa tsoho har maƙogwaro, ya yi wuf ya cire hularsa ya cusa a baki. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Tari ma ya zo, ya haɗiye abinsa. Matar ta daina dariya, ta riƙe masa hannun riga.

Minti arba'in yana cizon hula. Can Akawal ya mirgina ya kwanta bisa ƙirji, ya daɗe yana huci. Likita ta duba idanunsa, ta gyaɗa kai.

"Yanzu kira shi, Baba."

Rediyo ya zare hula, ya buɗe baki. Ko kalma ɗaya ta ƙi fita, sai shessheƙar kuka. Akawal ya juyo da kunne wajen ƙofa, ya kafa ƙafafu, ya miƙe tsaf.

"Ka gani, Malam?" matar ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Ashe shi ma ba surutun yake bi ba."