Rubutun Baba a Cikin Fata

Shekara talatin ina dukanci, ban taɓa ganin fata tana ɗigar mai ba sai ranar da Madam Rosemary ta ajiye Baibul ɗin mahaifinta a kan teburina a Apo. Warin gareji ne ya fara dukana.

"Baba Manniru, duba abin da Kingsley ya yi," ta ce.

Ni na ɗinka wa marigayin bangon nan da jar fatar akuya. Manomi ne a Yangoji. A cikin bangon ya rubuta ranar haihuwar 'ya'yansa da biro, a can ƙasa kuma ya bar wa Rosemary layi biyu, sati guda kafin ya rasu. Da fatar ta fara tsagewa na ce mata ta ɗan dangwali man kaɗe, ta shafa ta waje kawai. To mijinta Kingsley, bakanike, ya ga man kaɗe ai na talakawa ne. Ya cire bangon, ya tsoma shi cikin man inji.

"Sabon mai ne fa, Baba," in ji Kingsley daga bakin ƙofa. "Irin wanda nake zuba wa jif ɗin oga."

Innalillahi! Ban san sanda na miƙe ba. Na buɗe bangon, cikinsa ya yi baƙi ƙirin, tawadar ta narke kaf.

Na barbaɗa garin sitaci, na danne da dutse, na ce su ba ni kwana uku. Sitacin ya shanye mai, amma tawada ta riga ta tafi. Sai da na karkata fatar a rana na ga sawun biro. Tsohon yana danna biro kamar yana riƙe da fartanya.

Rosemary ta riƙa bin sawun da yatsa tana karanta sunayen 'ya'yan: Yamusa, Alice, ita kanta. Har ta fara dariya. Yatsan ya gangara ƙasa, ya tsaya. Ta sake shafawa, ta ɗaga wa rana.

"Baba, ina layi biyun da ya bar mini?"

Na kasa kallonta. Lokacin da tsohon ya rubuta wancan, hannunsa ba ƙarfin danna biro. Wurin sumul yake.