Huhu Nawa Ka Taɓa Yankawa?

"Yakubu, tambaye shi. Kahin shi taɓa ni, huhu nawa ya taɓa yankawa?"

Baba Labbo yana zaune a bakin gadon asibiti a Gusau, rigarsa a naɗe har wuya. Ni malamin firamare ne da ke haya a jikin gidansa a Tsafe, shi ya sa aka jawo ni tafinta, domin likitan saurayi ne ɗan Indiya. An riga an ɗauki hoton ƙirji, an ga ciwon daji a huhun dama. Shekara talatin ke nan Baba Labbo yana zuƙar sigari a bayan teburinsa na nama, sai da tari ya fara zuwa da jini sannan ya yarda aka kawo shi.

Na juya na yi wa likita 'yan kalmomi.

"Mi kac ce mishi?"

"Na ce kana gaishe shi da aiki, Baba."

"Ƙarya kake. Gaisuwa ba ta sa malami gumi. Tambaye shi."

Na tambaya. Likita bai ji haushi ba, dariya ma ya yi. Ya ɗaga yatsu uku, ya yi tunani, ya lanƙwashe ɗaya, ya ce wancan riƙe wa malaminsa kaya kawai ya yi. Ya ƙara da cewa a nan da wuya a buɗe ƙirji sau biyu a shekara, amma akwai babban asibiti a Ibadan inda ake yi kowane mako, kuma masu jinyar can sun san abin da ke biyo bayan aikin. In da mahaifinsa ne, can zai kai shi.

Baba Labbo ya sauke rigarsa.

"Wanga yaro na da gaskiya, Allah shi yi mai albarka. Shekara arba'in ina fiɗa. Mai yanka rago sau guda a shekara, ran Layya, shi ke huda tumbi shi ɓata nama. Ba mugunta ba ce, hannu ne bai saba ba. Kuma masu riƙe ƙahwa ma sai sun saba."

Kafin mu isa gida labarin tafiya Ibadan ya kai wa danginsa a Bungudu. Washegari sai ga ƙanensa Manu a kan keke, ko sauka bai gama yi ba ya fara.

"Yaya, Kurmi za ka? In ka mutu can, wa zai wanke ka?"

"Ni ba wanka za ni ba."

Matarsa Inna Yelwa ta leƙo daga madafa. "Malam, a Gusau ko tuwo na kai maka da zafinsa."

"Yelwa, in sun huda ni inda bai kamata ba, ta nan tuwon zai zube."

Ta koma ciki tana dariya, amma na ga ta share ido da bakin zane.

Muka hau jirgin ƙasa a hutun makaranta. A Ibadan likitan dattijo ne Bayarabe mai furfura. Da na yi masa tambayar, wannan karon ba kwana-kwana, sai ya ce ya daina ƙirgawa tun kafin yaƙin basasa. Baba Labbo ya kama hannuwansa, ya juya su, ya latsa gindin babban yatsa kamar mai taya rago a kasuwa.

"Ce mishi in ya gaji da aikin gwamnati, akwai wuri a teburina."

Aka yi aiki, aka cire kashi ɗaya cikin uku na huhun. Da ya farfaɗo, ya nace sai an nuna masa abin da aka cire. Aka kawo a kwalba. Ya daɗe yana dubawa.

"Wanga ko kare ba ni ba shi."

Da muka dawo Tsafe, babu wanda ya tsira daga kallon ɗinkin. Mai sayen tsoka, mai gaisuwa, direban da ya tsaya tambayar hanyar Funtuwa, duk sai ya ɗaga masa riga. Limamin unguwa ya gani sau uku. Tela ya zo da kansa, ya duba, ya tafi yana jinjina kai.

Ya yi Sallah biyu a tsaye, ya aurar da jikarsa. A damina ta biyu tarin ya dawo, kuma likitan Gusau ya ce ciwon ya tsallaka ɗaya huhun, babu sauran abin yankawa. Ranar ƙarshe na same shi a kwance a zaure da hantsi, Manu na yi masa fifita yana kuka.

"Bari kuka, Manu," ya ce, numfashi na yanke masa. "Tun Ibadan aka auna mini nawa. Wanga duk gyara ce. Kai ka taɓa ganin wanda ya raina gyara?"

Ya cika bayan azahar. Manu ne ya wanke shi. Ni da yake ba Musulmi ba ne, na tsaya gefe a ƙarƙashin itacen bedi har aka idar da salla, sannan na bi sahu zuwa maƙabarta.

Kwana uku bayan nan na leƙa ta katanga zan gaishe da Inna Yelwa. Na tarar ta cika butarsa ta ajiye a rana don ruwan ya yi ɗumi, tana tsaye a kanta, hannu a ƙugu.