Sati Biyu Ba Waya

Aikin kamfanin kai magani ne. Mai kemis ya danna wayarsa, ɗan babur ya kawo masa kwali kafin awa biyu. Da mutum tara aka fara a wani gareji. Cikin shekara biyu ma'aikata suka haura ɗari biyu, sito ya zama huɗu. Wanda ya kafa shi kowa Oga yake ce masa, har matarsa in tana son ba shi haushi.

Yanzu sabon jari suke nema don su shiga garuruwa uku. In bai samu ba, wani kamfani da ya fi su nauyin aljihu zai riga su, kuma Oga ya san abin da zai biyo baya: a rufe sito, a sallami mutane.

Mai jarin wani dattijo ne da ya zuba kuɗi a kamfanoni irin wannan sama da ashirin, rabinsu sun mutu a gaban idonsa. Ya wuni a ofishin bai buɗe takarda ko ɗaya ba. Kujera ya ja zuwa kusurwa, ya zauna yana kallo. Mai sito ya shigo neman izinin sayen fanka. Shugaban 'yan babur ya shigo a kan maganar taya. Wata ta leƙo tana tambaya ko a ba sabon kemis kaya. Komai sai Oga ya ce a yi.

Da yamma dattijon ya miƙe.

"Ɗana, ni ban ga kamfani ba. Mutum ɗaya na gani da waya biyu."

"Ranka ya daɗe, ai da haka muka kawo nan."

"Da haka kuma za ku tsaya a nan. Tafi gida ka yi sati biyu, wayoyin ka bar min. In ka dawo muka tarar da kamfanin a tsaye, zan sa hannu."

"In na ƙi fa?"

"Sai mu gaisa mu rabu lafiya."

Oga ya miƙa ragamar ga Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda ya fara ɗauka tun zamanin gareji. Shafi huɗu na umarni ya rubuta mata. Ta ninke ta jefa a jaka.

Ranar farko a gida ya gyara famfo. Rana ta biyu ya sauya wa kayan kicin wuri.

"Oga," in ji matarsa, "nan ba a neman izininka. Mayar min da gishirina inda ka gan shi."

Ya kai yara makaranta, mai gadi ya tambaye shi ko shi ne kawunsu. Ya juya mota ya koma gida.

Rana ta shida ya hangi babur ɗinsu a mahaɗar titi, da koren akwatinsa. Ya bi shi a mota daga nesa har ƙofar wani kemis. Ɗan babur ya sauke kwali, aka sa masa hannu, ya wuce abinsa. Oga ya daɗe zaune a motar. Yana tsoron ya koma ya tarar komai ya wargaje. Yana kuma tsoron ya tarar ba abin da ya wargaje, wannan ne ma ya fi cin sa.

Ranar da ya koma, dattijon na zaune, Sista na tsaye tana bayani. Firjin sito na uku ya mutu ran Laraba, alluran ciki suka yi zafi. Ta sa aka zubar, mai siton ya sayo sabon firji a ranar. Yanzu kowane mai sito shi ke yanke irin wannan shawara da kansa. Ta kuma daina sayen kwalin zuba magani daga mai kawo musu, saboda sau uku yana makara. Kaya sun fara isa da wuri fiye da da.

Mai kwalin abokin Oga ne tun aji ɗaya.

"Takardar da na ba ki fa?" in ji Oga.

"Na karanta shafin farko."

Dattijon ya yi 'yar dariya, ya sa hannu, ya tafi.

Sista ba ta zauna ba.

"In za ka mayar da komai yadda yake, gaya min yau. Akwai waɗanda suka yi min tayin aiki, na ce su jira ni zuwa ƙarshen sati."

Oga ya kalli tebur. Da kansa ya zaɓi kalar akwatunan nan, da kansa ya koya wa 'yan babur na farko hanya. Ransa ya ɓaci, ya nemi laifinta ya rasa.

"A bar shi yadda kika tsara. Gobe lauya zai rubuta, gudanar da kamfani a hannunki yake. Ni zan tafi sababbin garuruwan."

"Abokin naka fa? Kullum sai ya kira, yana cewa jira yake ka dawo."

"Kada ki sake ɗaukar wayarsa. Daga bakina zai ji an daina sayen kwalinsa."

Ya ɗauki makullin mota ya nufi shagon mai kwali.