Kunnen Kantoma da Akawu

Gide na Mabai yana da shanun huɗa guda biyu, Kantoma da Akawu. Kantoma ya samu sunansa ne don ba ya aiki sai an roƙe shi, Akawu kuma don duk abin da ya shiga bakinsa ya shiga ke nan. Amma kada ka raina su. Su ke huɗe gonar Gide, su huɗe ta maƙwabta a ba shi dawa. In babu su, gidan Gide sai dai a tuƙa labari a ci da miyar hira.

A shekarun nan da kuɗin mai ya sa kowane ma'aikaci ya sayi babur da rediyo mai kaset, sai labari ya zo daga wajen Faskari wai bushiya ta dawo. Ciwon shanun nan ne da in ya shiga garke ido ya yi ta hawaye, baki ya yi miki, zawo ya ƙarasa aikin. Mai unguwa ya sa aka yi shela: duk san da ba a yi ma allura ba, kada ya kusanci tafki. Ga bazara ta kai bazara, ba wani ruwa sai tafkin. Shaidar allura kuwa ɗan yanka ne da malamin dabbobi ke yi a gefen kunne da wani awartaki nasa.

Gide bai damu ba, don malamin dabbobin ƙasar, Sha'ibu, taubashinsa ne. Ranar da aka ce zai zo, tun hantsi ya ɗaure shanun a gindin darbejiya yana jira. Sai bayan azahar ya ji ƙugin babur. Sha'ibu ya sauko ya jiƙe sharkaf da zufa, fulas rataye a kafaɗa, fuska a murtuke.

"Likitan jakai, sai yanzu?" in ji Gide. "Ko ka tsaya Pauwa cin kaji?"

"Bawana, yau ba wasa. Zo ka gani."

Ya buɗe fulas. 'Yan kwalabe na iyo cikin ruwa kamar kwaɗi.

"Ƙanƙarar ta narke tun a Pauwa. Maganin nan in ya ji ɗumi ya mutu. Ruwa ne kawai yanzu."

Gide ya leƙa, ya ɗago ya dube shi.

"Daga ina ka taso?"

"Ƙanƙara mana."

"Daga garin Ƙanƙara ka taso, ka ce mani ba ƙanƙara? Kai ko kunya?"

"Firjinmu da kananzir shike aiki, kananzir ya yanke. Wannan ma wajen mai sayar da lemo na roƙo."

"Ƙasar da ake haƙo mai ita ce ba kananzir! To mi za a yi? Soka masu hakanan, Allah shi ke warkewa."

"Ba ni sokawa. In na soka sai in yanka kunne, in na yanka kunne na yi ƙarya. Ka yi haƙuri, manyanmu na nan tahe da mota da ƙanƙara ta gaske."

"Yaushe?"

"Sun ce nan kusa."

"Nan kusa ɗin gwamnati? Kafin nan Kantoma ya zama kilishi don ƙishirwa."

Mero, matar Gide, ta kawo fura. Sha'ibu ya sha, ya ajiye jakarsa, ya shiga masallaci. Gide ya dubi jakar, jakar ta dube shi. A ransa ya ce, shi dai tun yana yaro in ciwo ya zo tsaga ake yi a zubar da mugun jini, wa ya sani ko yankan nan ma rabin maganin ne. Sauran rabin kuma mai unguwa ba ya ganinsa. Ya zaro awartakin, ƙyas a kunnen Kantoma, ƙyas a na Akawu, ya mayar, ya kora shanun bayan gida.

Mero na tsaye bakin zaure.

"Malam, ashe ka gama makarantar likita ba mu sha biki ba?"

"Ke dai je ki duba tukunyarki."

Da la'asar Gide ya kai shanunsa tafki yana tafiya kamar shi ya haƙa shi, har yana juya kan Akawu don mutane su ga kunnen da kyau. Sha'ibu kuwa bai sani ba, washegari ma aka tura shi Damari, can wajen Sabuwa.

Abin mamaki, nan kusa ɗin gwamnati ya zo da gaske. Wata safiya sai ga mota ta tsaya a filin makaranta, da akwatuna masu fitar da hayaƙin sanyi, da wani babban jami'i mai tabarau, Malam Abdulkarim. A lokacin bushiya ta riga ta kwantar da shanu a rugar da ke bayan gari. Kowa ya fito da nasa. Gide ya shige gaba da gwiwar hannu.

Mai allurar ya kama kunnen Kantoma, ya saki.

"An yi ma wannan. Na baya!"

"Ba a yi mashi ba."

"Ga yanka."

"Yanka ne, amma ba allura."

Aka kira Malam Abdulkarim. Ya gyara tabarau ya duba kunnen.

"Wannan awartakinmu ne. Wa ya yi?"

Gide ya waiga. Mai unguwa na tsaye, ga masu shanun da suka sha ruwa tare da nasa a tafki.

"Ranka shi daɗe, ai... Sha'ibu ya zo."

"To shi ke nan. Maganin da muka zo da shi bai kai shanun garin nan ba. Ba ni ba wani sau biyu wani bai samu ko ɗaya ba."

"Ku duba jininsu mana! Ba ku da abin dubawa?"

"Sai an ɗiba an kai can nesa wajen masu bincike. Kafin amsa ta dawo an yi shuka."

"Wato ku likitoci, duk karatunku, kunne kuke tambaya?"

"Kunne muke tambaya," in ji Malam Abdulkarim, ba fushi a muryarsa sai gajiya. "Na rubuta na gaji. A sama mana magani mai jure rana, a sama mana abin gwaji na nan take. Sai aka aiko mana da sababbin kujerun ofis. Matsa, Malam, ƙanƙara na narkewa."

Gide ya koma gefe. Layi na tafiya, rana na hawa, yana kallon ruwa na ɗiga daga gindin akwati yana ɓacewa cikin ƙasa. Mero ta zo ta tsaya kusa da shi.

"Malam, kunyarka za ta ja garma bana?"

Ya daɗe yana murza igiya a hannu. Sai da rana ta take tsaka ya ja shanun ya kutsa, ya ɗaga murya yadda har na ƙarshen layi ya ji.

"Ni na yanka! Sha'ibu ya ƙi, na sace awartakin na yanka da hannuna!"

Wuri ya kaure. Mai unguwa na salati, wani na cewa a ɗaure shi, wani dattijo na dariya har da riƙe ciki yana kiran "Likita Gide!" Malam Abdulkarim ya buɗe akwatin ƙarshe, ya tsoma hannu, ya fito da shi yana ɗigar ruwa. Ya ɗora a kumatun Gide. Ɗumi kamar ruwan wankan jego.

"Da ka faɗa da safe," ya ce. Ya rufe akwatin.

Ba a yi nisa ba Akawu ya ƙi cin harawa. Akawu, wanda ya taɓa cinye hular liman. Ido ya fara hawaye. Gide ya raba su, ya yi jiƙo, ya yi hayaƙi, ya yi duk abin da tsofaffi suka ce, Akawu ya tafi. Kantoma ma ya kwanta, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin hanya, amma da yake bai taɓa yin abu don an so ya yi ba, sai ya ƙi mutuwa.

Ranar da aka yi ruwan shuka Sha'ibu ya dawo daga Damari. Ya tarar da Gide zaune kusa da garma, ga karkiya mai wuya biyu, ga sa ɗaya.

"Bawana, na ji labari. Allah shi mayar da alheri."

"Amin. Ka zo da fulas ɗinka na ruwan zahi?"

"Kantoma ai ba ya buƙata. Wanda ya tashi daga bushiya ba ta sake kama shi."

"Wato ciwon ya fi ku iya allura. Shi ba ya neman kananzir." Gide ya tsartar da yawu. "Kai Sha'ibu, daddawar Mero shekara take yi a tukunya ba ta mutu ba. Lemon kwalba na zuwa Mabai da sanyinsa. Duk masu karatun ƙasar nan an rasa wanda zai zauna ya yi maganin da ya san rana?"

"In ka gan su ka faɗa masu. Ni babur suka ba ni."

Gide ya tashi, ya ɗaga karkiyar, ya ɗora gefe ɗaya a wuyan Kantoma. Ɗaya gefen ya faɗi ƙasa. Ya dubi taubashin nasa sama da ƙasa.

"Kai ma naka wuyan ba laifi."

"Allah shi tsare."

"To tashi mu tahi gidan maƙwabcina Harisu. Shi ma sa ɗaya ya rage mashi, mu haɗa su a karkiya. Kai za ka yi magana, don tun ranar allura ba ya amsa gaisuwata."