Jitar Baba Habila

A matakalar bene na tare ta, hannuna duk kumfar wanki, na tambaye ta wa take nema. Doguwa ce 'yar Sudan, Hausarta rabi Larabci, ga wayar wata na'ura ta leƙo daga jakarta. Ta ce sunanta Mahasin, wucewa take ta layinmu a Hayyin Ashir ta jiyo jita daga sama. Na ce rediyo ne. Ban rufe baki ba tsohon nan ya yi tari, ya sake ɗauko waƙar daga farko. Ta yi murmushi ta raɓa ni ta haye.

Baba Habila ke ɗakin saman rufinmu. Mutumin Kafanchan ne, ya zo Alƙahira yana tuƙa wani ma'aikacin ofishin jakadanci, maigidan ya koma gida shi ya maƙale. Iƙamarsa, wato takardar zama, ta mutu tun kafin mijina Harun ya fara karatu a nan. Shekarar kuwa 2013 ce, lokacin da ko gada ka ɗauka hoto sai an tambaye ka wa ya aiko ka. In aka kama shi, kurkuku ne sannan jirgi, ga ƙodarsa ta gama aiki, can gida kuma ba wanda ya rage masa. To ni Kulu ina zan yarda da baƙuwa mai na'urar ɗaukar murya?

Da ta tafi na hau na same shi yana ta washe baki. Wai bikin kaɗe-kaɗe za a yi a wani lambu a Zamalek, ita ke nemo makaɗa. Wai ba ta taɓa jin wanda ya haɗa kiɗan kaboyin Amurka da bulus, kiɗan kukan baƙaƙen can, ya ɗora masa Hausa ba. Na ce haka ake kama mutane, da daɗin baki. Na ce ya tambayi kansa yadda aka yi duk faɗin Masar ta san tagarsa.

"Maman Ummi," ya ce, "tun da na zo ƙasar nan bango nake yi wa kiɗa. Su kama ni, amma su bari in gama waƙar."

Haushi ya sa na sauko ko sallama babu. Harun ya ce in fita harkar makaɗi, ba tamu ba ce. Na ji shi, amma kunun Baba bai daina hawa sama ba.

Ta yi ta zuwa, ni kuma ina laɓe bayan labule. Ran nan na gan ta tana hira da bawwab, mai gadin gidan, wanda kowa ya san bakinsa ba ya riƙe ruwa. Da na ga hoton Baba manne a bangon tashar mota, da hular kaboyinsa, har da suna, sai na ce khalas, an gama da shi. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai na ruga na leƙa.

Ba mota ce ta ɗauke shi ba. Ana gobe biki na kai masa kunu da hantsi, na tarar da shi kan kujera, ya goge takalminsa ɗaya, ɗayan na cinyarsa. Na kira shi har muryata ta dushe. Mutanen cocinsu suka zo suka yi masa sutura, Harun ma ya kama aka sauko da shi. Na yi kuka ba kaɗan ba.

Mahasin ta zo da jajayen idanu tana roƙon a ba ta jitar, za su ajiye a gurbinsa a wurin bikin. Na ce sai dai in kai da hannuna in ga bikin da idona, in akwai shi. Harun ya dube ni, ya ga ba ranar gardama ba ce. Na naɗe jitar da zane don kada ɗalibai abokan Harun su gan ni da kayan kiɗa, na shiga tasi.

Akwai bikin kuwa. Mutane zaune kan ciyawa, da yara, da masu shayi. Na duba ko'ina, ban ga ko ɗan sanda ɗaya da ya damu da wani Habila ba. Mahasin ta jingina jitar da kujera, ta faɗi sunansa, ta kunna abin da ta ɗauka. Muryarsa ta cika lambun, har da tarin, aka yi tsit. Can tsakiyar waƙar sai na ji wata mata daga nesa, daga ƙasan bene, tana ɗaga murya.

"Baba, ka sha maganinka kuwa?"

Muryata ce. Jitar ba ta tsaya ba. Ya amsa a cikin waƙar, "Na sha, 'yata," ya ci gaba. Wata tsohuwar Bamisira da ke kusa da ni, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya, ta miƙo mini hankici. Na karɓa, zanen yana ninke a cinyata.