Takardar Izinin Bargo

"To, mun shirya ke nan," in ji Gado tela, yana tura buhun ƙyallaye da ƙafa zuwa bakin shagonsa na kasuwar Jega. "Duk guntun atamfar da ya faɗi ƙarƙashin almakashina naki ne, har ki ƙare. Ni abu guda nika so: ran da anka rataye bargon a Aliero, sunan shagona shi hito a kan kati."

"Kusa da nawa," Barakatu ta ce.

"Kusa da naki, bisa naki, ƙarƙashin naki, ni ina ruwana? Shi dai hito."

Ta ɗauki buhun ta aza a kai. Shekara goma sha ɗaya tana yi wa Gado kalmasa da ɗinkin maɓalli daga cikin gida, mutane na yaba hannunsa, ba wanda ya san hannun biyu ne. Da aka yi shelar baje kolin sana'o'in hannu da wata ƙungiya za ta yi a Aliero, aka ce kowane aiki za a maƙala masa kati da sunan mai shi, sai abin ya tsaya mata a rai. Ba kyautar take hange ba. Sunanta take son gani a bango, ko da sau ɗaya.

Wata huɗu ta yi tana haɗa bargon. Zayyanar daga wani ɗan littafi ta ɗauko ta, wanda aka raba musu a cibiyar koya wa mata sana'a, shafi na goma sha huɗu, an sa mata suna Idon Zabuwa. Fari a tsakiya, baƙi ya kewaye shi, ja ya bi baya. Abin da ya ba ta mamaki, hannunta bai taɓa yin gardama da zayyanar ba, kamar ya san hanya.

Ranar karɓar kaya da hantsi ta isa zauren baje kolin a Aliero. A bakin ƙofa wani ma'aikacin ƙungiyar ne zaune, Malam Wilson, da tulin fom a gabansa. Ya warware bargon, ya duba shi, sannan ya ɗauki biro.

"Mama, zayyanar nan daga kanki ta fito, ko daga littafi?"

"Daga littafi."

Ya ajiye biron. "To ina takardar izini?"

"Izinin mi?"

"Izinin mai littafin. Haƙƙin mallaka nata ne."

"Ai don mu ɗinka anka ba mu shi, ɗan nan. Kyauta ma."

"Ki ɗinka ki rufa da shi a ɗakinki, ba laifi. Amma ki rataye shi gaban jama'a, sai ta yarda a rubuce. Haka suka aiko mana daga sama."

Barakatu ta dubi bargon, ta dubi zauren. "To in na rufa da shi na zauna can cikin jama'a?"

Wilson ya juya fom ɗin baya, ya karanta, ya sake juyo shi. "Ba su faɗi wannan ba," ya ce a sanyaye. "Mama, ƙarfe huɗu nake rufewa. Ki taimake ni ki taimaki kanki."

Wata mai tabarmi da ke bayanta ta taɓo ta. "Ke ma dai! Ki ce daga kanki mana. Duk mu nan daga kanmu munka hiddo."

Magana dai ta riga ta fita. Barakatu ta zaro littafin daga jaka, a bayansa akwai suna, Doris Jacob, Maiyama, da lambar waya. Wilson ya kira sau uku, lambar ta daɗe da mutuwa.

Haka ta koma bakin hanya ta shiga motar da ta cika da warin albasa zuwa Jega, daga Jega ta sake wata zuwa Maiyama, bargo a cinya. Duk hanya tana juya abin. Ƙyalle na Gado, zare nata, ido nata, ciwon baya nata. To me ya rage da zai zama na wata? Ta kasa gano shi.

Ɗan kabu-kabu ne ya kai ta gidan. Madam Doris tsohuwar malamar makaranta ce da ta zo aiki tun tana budurwa, ta yi ritaya ta ƙi komawa gida. Barakatu ta same ta tana watsa wa kaji dusa. Da aka shimfiɗa bargon a kan tabarma, tsohuwar ta sa tabarau, ta bi ɗinkin da yatsa layi-layi.

"Shekara ashirin da buga littafin nan, yau na fara ganin wadda ta yi shafin nan daidai," ta ce. "Me kike so?"

Barakatu ta yi bayani, ta miƙa takardar da Wilson ya ba ta.

Doris ta riƙe takardar ba ta sa hannu ba. "An rubuta wai in rantse ni na ƙirƙiro. Ɗiyata, ba zan iya ba. Ba tawa ba ce."

"To ta wa ce, Mama? Ƙarfe huɗu suka ruhewa!"

Tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon faifai da ya sha hayaƙi. Ga Idon Zabuwa nan a jikinsa, sai dai a kewaye, ba a murabba'i ba.

"Lokacin da muke yawon yaƙi da jahilci ne. A Jandutsi wata mata ta kawo mini fura ta rufe da wannan. Na yaba, ta ce in ɗauka. Har yau ban sani ba, faifan kawai ta ba ni, ko har da abin da ke jikinsa."

Barakatu ta karɓa ta juya bakinsa. Inda aka kashe saƙar, layi baƙi uku ne a jere, sai ja guda. A Jandutsi aka haife ta, kuma mutum ɗaya ta sani mai kashe faifai haka.

"Zinatu sunanta?"

"Zinatu mai fura. Kin san ta?"

"Innata ce. Ina shekara tara ta rasu."

Kaji na ta tsattsaga a gefensu. Can Doris ta cire tabarau ta share ido.

"Ashe ni ce ya kamata in roƙe ki izini."

"A'a, Mama, ni anka aiko in roƙe ki."

"To yaya zan ba ki abin uwarki?"

"Ni kuma ƙaƙa zan ba ki abin da ke cikin littafinki?"

Da suka ga rana na tafiya, Doris ta yago takarda biyu daga littafin rubutu. A ta farko, Barakatu magajiyar Zinatu ta yafe wa Doris buga zayyanar, ta dangwala yatsa. A ta biyu, Doris ta yarje wa Barakatu ta rataye bargo. Ta sa faifan a leda ta ce ta tafi da shi, gidansu ya koma.

Saura minti goma ƙarfe huɗu ta cika ta faɗo zauren. Gado na nan tsaye cikin sabuwar shadda, ya zo ganin sunansa. Wilson ya karanta takardar farko, ya karanta ta biyu, ya koma ta farko.

"Wato ke kika ba ta izini ta ba ki izini?"

"Haka munka ga ya hi."

Ya dafe kai. Ya ɗauki waya zai kira na sama da shi, ya dubi agogo, ya fasa. Ya haɗa takardun biyu ya danna musu hatimi da ƙarfi, kamar mai kashe kunama. Sannan ya jawo katin.

Layi biyu ne kawai a jiki. Na sama mai zayyana, na ƙasa mai ɗinki.

"Ba wurin na uku?" Barakatu ta tambaya.

"Babu, Mama, kuma an hana ƙari. Amma ga dabara. Tunda ke ce magajiya, in sa sunanki a sama, maigidan nan a ƙasa. Kowa ya samu."

"Yauwa!" in ji Gado. "Yaron ga na da kai."

Barakatu ta zaro faifan daga leda ta daɗe tana kallon baƙi ukun nan da jan.

"Rubuta Zinatu Jandutsi a bisa."

"To a ƙasa ke ke nan."

"Na yi alkawari. Buhu shidda na kwasa a shagonai. Rubuta Gado Tela, Kasuwar Jega."

Gado ya yi gyaran murya. "Haba, Barakatu, ai da kin bari..." Sai dai bai ƙarasa ba, kuma bai riƙe hannun Wilson ba.

Aka rataye bargon a tsakiyar bango. Barakatu ta sami benci a ƙarƙashinsa ta zauna, faifai a cinya. Wata ɗaliba ta tsaya ta karanta katin da ƙarfi, ta ce wa ƙawarta, "Dubi aikin namiji, kamar ba hannu ya yi ba." Sannan ta roƙi Barakatu ta ɗan gusa za su ɗauki hoto. Ta gusa.

In ana batun riba, Gado ya ci: kafin sati ya kewayo mutum biyar sun zo shagonsa neman irin bargon, shi kuwa ko kusurwa ɗaya bai iya haɗawa ba, dole ya sa takalmi ya tafi sallama ƙofar gidan Barakatu. Doris ta rasa faifai da shafi guda, ta ce ta samu sauƙi a ƙirji. Zinatu, da ko baƙi ɗaya ba ta taɓa karantawa ba, ta sami sunanta a bango shekara talatin bayan an rufe ta. Barakatu kuwa abin da ta je nema Aliero ba ta samo shi ba. Ta dawo da tsohon faifai, shi take rufe furarta da shi yanzu, ba tare da izinin kowa ba.